Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan dattijon gidansu da ya samu bugun zuciya

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun bayan asuba na karanta tambayarka, na kasa wuce ta. Ka ce dattijon da kake haya a gidansa nan Kum, a Iran, ya samu bugun zuciya, an sa masa ɗan ƙarfen buɗe jijiya da suke kira fanar, an sallamo shi mako biyu ke nan. 'Ya'yansa suna waje, shi kuma ya yi shiru, yana wasa da magani, in ka tambaye shi jiki sai ya ce "cizi nist", ba komai. Wallahi kamar surukina kake kwatanta mini.

Kada ka yarda da wannan "ba komai" ɗin. Ita ta kusa kashe mana surukin nawa, Haj Aga.

Lokacin sanyi ne, kwana kaɗan bayan daren Yalda, bikin dare mafi tsawo a shekara. Tun ƙarfe 10 na dare yake murza ƙirji, ya ce sardi ne, wato sanyin ciki, ya kama shi don ya haɗa kifi da kindirmo. Surukata ta dafa masa shayi da nabat, wato dunƙulen sukari, ta ƙara masa ruwan na'ana'a. Muna sama suna ƙasa, matakala 14 ce tsakaninmu, amma ya hana a tashe ni, wai ina da darasi da safe. Ta'arof, wato kara irin ta Iraniyawa, har a bakin mutuwa. Sai ƙarfe 2 matata ta ji kukan mahaifiyarta. Na sauko na same shi zaune kan darduma ya jingina da bango, singiletinsa sharkaf da gumi a cikin wannan sanyin, fuska ta koma kalar toka, hannu ɗaya riƙe da muƙamuƙi. Da ya gan ni sai ya yunƙura zai miƙe, yana cewa "bebakshid", in yafe masa ya tashe ni. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Na kira 115, lambar motar asibiti ta gaggawa, hannuna na rawa, Farisancin ma ya gudu daga bakina. Likitan da ya yi masa aiki ya ce mana muddin jijiya tana toshe, naman zuciya mutuwa yake yi, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. Awa huɗu muka zubar a kan shayi.

Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Bayan an sallame shi, wani ɗan'uwan surukata ya riƙa zuwa kullum da yamma. Shi ya hure masa kunne cewa ƙwayoyin nan sinadari ne, suna lalata hanta, ɗan taryak, wato opium, kamar ƙwayar wake ya fi su, wai yana ƙarfafa zuciya yana sauke suga. Tsofaffi da yawa a ƙasar nan sun yarda da haka, alhali binciken da aka yi shekaru a lardin Golestan ya nuna masu shansa sun fi mutuwa da wuri, har da ta ciwon zuciya. Na yi magana a gaban kowa, cikin ladabi. Mutumin nan ya dube ni ya ce ni "khareji" ne, ɗan ƙasar waje, me na sani game da jikin ɗan Iran? Shekara goma ina cin abinci a gidan nan, 'ya'yana jikokin gidan ne, amma ranar na koma baƙo. Ba wanda ya ce uffan. Na haɗiye, kuma har gobe ina nadamar haɗiyewar, don a mako na bakwai jini ya daskare a cikin fanar ɗin, muka sake kwana a si-si-yu, ɗakin kulawa ta musamman na masu ciwon zuciya. Da matata ta ɗaga gefen dardumar ɗakinsa, ƙwaya tara ta samu a naɗe cikin tishu. Shi kuma wancan ya zo dubiya da gwangwanin kompot, ya ce kismat ce, wato ƙaddara. Ko gaisuwa ban iya amsa masa ba. Haj Aga ya rayu, amma matakalar nan 14 bai sake hawa ba.

Saboda haka ka ƙirga ƙwayoyinsa da kanka. Asfirin da ɗaya maganin hana daskarewar jinin, wanda yawanci ake sha shekara guda bayan fanar, ba a tsallake su ko na kwana ɗaya sai da izinin likitansa. In na waje ya yi wuya, ka tambayi likita ya rubuta na gida, kada a zauna babu. Ƙwayar ciwon ƙirji da ake sawa a ƙarƙashin harshe ta zauna a aljihunsa. In ciwon ƙirji ya wuce 'yan mintuna, ko gumi, ko numfashi ya yi gajere, 115 kai tsaye, kada ka tsaya neman tasin Snapp a waya, kada ka nemi izininsa. Zai ce kada a wahalar da mutane. Ka kira kawai.

Kuma ka karɓi lambar 'ya'yansa yau. Tsofaffin nan ɓoye musu suke yi, a waya sai "lafiya lau", su kuma can sun saki jiki. Abin yana ba ni haushi, ana turo kuɗi ana ganin an gama.

Shirun da ka ce yana yi, mu ma mun sha shi. Surukina ya rasa babban ɗansa a yaƙin Iran da Iraki na 1980 zuwa 1988, duk Alhamis yana zuwa ya wanke kabarin da ruwan wardi. Shi a wurinsa gosse ce ta ci zuciyar, baƙin ciki, ba kitse ba. Na daina musu da shi a kan haka. Kuskurenmu shi ne mun ƙwace masa komai saboda tausayi. Mutumin da shekara da shekaru shi ke fita da asuba ya sayo sangak mai zafi, burodin da ake gasawa kan tsakuwa, muka hana shi, muka zaunar da shi gaban talabijin. Ranar da likita ya yarda ya riƙa ɗan tattaki, na bi shi gidan burodin, ya tsaya a layi, ya cire tsakuwar jikin burodin da yatsunsa, abokansa suna ta yi masa barka. Ranar ya fara cin abinci sosai. Ka tambayi asibitin shirin baztavani, motsa jiki ne a gaban ma'aikata, shi ya cire wa surukina tsoron cewa da ya motsa zai faɗi.

Abinci kuma, gishiri ne yaƙin: dug (kindirmon sha mai gishiri), torshi (kayan lambu da aka jiƙa a ruwan tsami), cukun safe. Kalle pace, wato farfesun kai da ƙafa, da shisha a ajiye. Shayin gol gavzaban da suke sha don kwanciyar rai ban hana shi ba, na dai faɗa wa likita. Batun azumi kada ka ja da shi, ba zai ji daga bakinka ba. Ni takardar likita na ɗauka, muka tafi ofishin marja'insa, babban malamin da yake bin fatawarsa, tare, da aka ce masa ya sha ruwa sai ya sha, ya yi kuka a mota. Ya yi bakancen zuwa ziyara birnin Mashhad, muka ce to, in likita ya sa hannu. Wata shida yana shan magani saboda tafiyar nan.

Daren nan in ka kai masa shayi, ka duba ƙarƙashin darduma da bayan matashin da yake jingina. Ka kuma lura da wanda ke yawan zuwa masa da yamma. Allah Ya ba shi lafiya, Ya saka maka.