Tambayoyin Masu Karatu: Wane Ɗan Takara Ne Ya Fi Kula da Haƙƙin Nakasassu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Jidda, kuma ƙanena da ke Kano gurgu ne tun da cutar shan inna ta kama shi yana ƙarami. A nan ina ganin an tanadar wa masu keken guragu hanya a Harami da asibitoci, amma shi a gida sai an ɗauke shi cak kafin ya shiga ofishin gwamnati. Ta yaya zan kwatanta 'yan takarar shugaban ƙasa a kan wannan batu, domin in ba dangina shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah Ya ƙara zumunci. Da yake har yanzu ba a kaɗa ƙuri'a daga ƙasashen waje a zaɓen Najeriya, shawarar da za ka aika gida ita ce rabonka a ciki, saboda haka kada ka gina ta a kan takardun manufofin jam'iyyu, waɗanda kusan kowacce ke alkawarin tallafi ba tare da faɗin nawa ne ko yaushe ba.

Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne dokar hana nuna wariya ga nakasassu ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, bayan majalisa ta zartar da irinta a zamanin Goodluck Jonathan amma bai amince da ita ba. Dokar ta ware wa nakasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna wariya, da naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum ɗaya, sannan ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda keke zai shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024, kuma halin da ƙanenka ke ciki ya nuna inda aka kwana. Ka saurari ɗan takarar da zai faɗi kuɗin da zai ware wa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa da aka kafa a 2020, da hukuncin da zai yi wa ma'aikatar da ta ƙi cika kason nan. Wanda bai wuce rabon kekuna da buhunan shinkafa a filin taro ba, sadaka ya yi, Allah Ya ba shi lada, amma bai taɓa batun haƙƙi ba.

Sai tarihin aiki, inda magoya baya suka fi ƙarin gishiri. Cikin manyan 'yan takara huɗu na 2023, Bola Tinubu ya bar gwamnan Legas a 2007, dokar nakasassu ta jihar kuwa ta 2011 ce, a zamanin Babatunde Fashola. Peter Obi ya sauka a Anambra a 2014, tasu dokar ta zo a 2018. Atiku Abubakar ya yi mataimakin shugaban ƙasa daga 1999 zuwa 2007 babu dokar tarayya a kan batun, shi kuwa Rabi'u Kwankwaso yana sanata lokacin da majalisa ta zartar da ita, sai dai aikin majalisa na taro ne. A ganina babu ɗayansu da zai bugi ƙirji ya ce tasa ce, amma Tinubu ne ya fi cancantar a tsananta masa tambaya, tunda wa'adin gyaran gine-ginen a hannunsa ya cika.

Ka kuma tunatar da ƙanenka cewa dokar zaɓe ta ɗora wa hukumar INEC nauyin sauƙaƙa wa nakasassu kaɗa ƙuri'a, har ta amince makaho ya zo da wanda ya yarda da shi domin ya taimaka masa a rumfar zaɓe.