Za a gina gidajen jere a bayanmu: zuwa zaman hukuma zai canza wani abu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a wata unguwa a wajen gari a Amurka. Hukumar garinmu ta aiko mana da takarda cewa wani kamfani na son gina gidajen jere, irin masu haɗa bango da juna, a filin da ke bayanmu, kuma ana gayyatarmu zaman jin ra'ayin jama'a. Maƙwabciyata ta ce ɓata lokaci ne. Yaya ake duba irin wannan buƙata, kuma maganarmu tana da tasiri?

Amsa: Wa alaikumus salam, malama. Kafin komai, ki koma kan takardar ki ga ainihin abin da kamfanin ke nema, domin daga nan za ki san nauyin maganarki.

A yawancin garuruwan Amurka an kasa ƙasa shiyya-shiyya, kowace da irin ginin da aka yarda a yi a cikinta. Kotun Ƙolin ƙasar ta halasta wannan tsari tun 1926, a shari'ar garin Euclid na jihar Ohio. Idan filin nan yana shiyyar da dama aka amince da gidajen jere, aikin hukuma kawai ta duba ko zanen ya cika ƙa'ida: tsawon gini, tazara daga iyaka, wurin ajiye motoci, hanyar motar kashe gobara. Ya cika, da wuya a hana, ko unguwa duka ta fito. A jihar Oregon ma, dokar 2019 ta tilasta wa manyan garuruwa amincewa da gina irin waɗannan gidaje a unguwannin da a da sai gida ɗai-ɗai.

Amma idan sauya shiyyar filin ake nema, to magana ta koma hannun zaɓaɓɓu, kuma suna da ikon cewa a'a. Tunda har an kira ku zama, na fi zaton wannan ne.

Matakan ba su da yawa. Ma'aikatan sashen tsara gari su duba takardu su rubuta rahoto. Kwamitin tsare-tsare ya saurari jama'a ya ba da shawara, sannan majalisar gari ta kaɗa ƙuri'a. Rahoton ma'aikatan nan shi ne abin da mutane suka fi yi wa sakaci, alhali ana sa shi a shafin hukuma kwanaki kafin zama. A ciki za ki ga gida nawa za a yi a kowace eka, ko hakan ya dace da babban tsarin garin, da sharuɗɗan da aka ba da shawarar gindayawa. Ki karanta shi, ki kuma kira jami'in da sunansa ke jiki. Amsa tambayoyinki na cikin aikinsa.

A wurin zama galibi minti uku ake ba mutum. Wanda ya ƙarar da su yana cewa "ba ma so" ko "darajar gidajenmu za ta faɗi" bai bai wa kwamitin abin riƙewa ba, domin dole hukuncinsu ya tsaya kan ƙa'idojin da ke rubuce, in ba haka ba kamfanin ya kai su kotu. Maganar irin mutanen da za su tare kuwa, ki guje ta baki ɗaya: dokar tarayya ta 1968 ta haramta wariya a harkar gidaje, kuma irin wannan magana ba ta yi wa mai faɗinta kyau.

Cunkoson motoci shi kowa ke fara kawowa, sai dai alƙaluman injiniyoyi sun nuna gidan jere bai kai gida mai zaman kansa yawan zirga-zirga ba, kusan tafiyar mota bakwai a rana, shi kuwa mai zaman kansa kusan tara. Don haka ki kama takamaiman abu: mahaɗar da za su riƙa fita, ko hanyar da yara ke bi zuwa makaranta. A ganina ruwan sama ya fi zama hujja mai ƙarfi ga wanda ke maƙwabtaka da fili. Ƙasar da ke shanye ruwa za ta koma rufi da kwalta, to ina ruwan zai bi? Idan bayan gidanki na tara ruwa, ki zo da hotuna.

Hana aiki gaba ɗaya ba kasafai ake samu ba. Abin da aka fi samu shi ne gyara: a rage yawan gidaje, a ja ginin nesa da iyakarku, a bar bishiyoyi, a sauya ƙofar shiga. Ki nace a rubuta kowane alkawari cikin sharuɗɗan amincewa, domin kamfanin na iya sayar da filin, kuma alkawarin baki ba ya bin sabon mai shi.

Ki tambaya kuma ko jiharku na da tanadin ƙorafin maƙwabta a rubuce. A wasu jihohi, idan masu kashi 20 cikin ɗari na filayen kewaye suka sa hannu, sauya shiyya sai da rinjaye mai yawa a majalisa. Idan hukunci bai yi muku ba, wa'adin ɗaukaka ƙara gajere ne, sau da yawa kwana 30.