Shin gudummawar da ake tarawa don binciken kansar jini ta yara tana da amfani?

'Yar'uwa, kin tambaya ko kuɗin da ƙungiyoyin agaji ke tarawa don binciken wannan cuta yana kaiwa ga wani abu. Wallahi yana kaiwa.

A 1962, lokacin da ɗan wasan barkwanci Danny Thomas ya buɗe asibitin bincike na St. Jude a Memfis ta Amurka da kuɗin sadaka, yara huɗu kacal cikin ɗari ke tsira daga nau'in da ya fi addabar yara. Yau a Amurka kusan casa'in ke rayuwa. Likitoci sun gano a hankali cewa sai an haɗa magunguna da dama, kuma a bi cutar har cikin ruwan laka, inda take ɓuya.

Dalilin buƙatar sadakar shi ne, yaran da ke kamuwa ba su da yawa, don haka kamfanonin magani ba sa hango riba.

Abin da ke ci mini rai shi ne yaron da ya warke amma maganin ya taɓa masa zuciya ko ƙashi. Nan bincike ya karkata yanzu: maganin da ake fatan zai rage wannan illa, irin CAR-T da Amurka ta amince da shi a 2017, inda ake horar da ƙwayoyin garkuwar jikin yaron su farauci cutar.