Wace manhajar kyauta ce za ta riƙe mini aikin rubutu?

Tambaya: Malam, ni mazauniyar Tudun Wada ce a nan Kaduna. Na fara karɓar aikin rubutu da fassara ana biyana. Word ɗin da mai gyara ya sa mini a laftof yanzu kullum sai ya fito da jan gargaɗi, har ya daina barina in yi rubutu, kuma ba ni da kuɗin lasisi. Akwai ta kyauta da zan dogara da ita?

Amsa: Malama, Allah ya sa wa sana'ar albarka. Gargaɗin nan yana nufin Word ɗin ba shi da lasisi. Don Allah kada ki mayar a sake fasa miki shi, wato a buɗe shi ya yi aiki ba lasisi, domin manhajojin da ake fasawar da su kan shigo da cutar kwamfuta, ke kuwa amanar aikin mutane ce a hannunki.

Shawarata ki sauke LibreOffice daga shafinsu na asali. Gidauniyar The Document Foundation da ke Jamus ce ke kula da ita tun 2010, ɓangaren rubutunta kuma sunansa Writer. Babu talla, babu wa'adi, kuma ba ta neman intanet. Wannan na ƙarshen ne ya sa na fifita ta, don duk mai aiki a garin nan ya san data kan ƙare ana tsakiyar aiki. Nauyinta ya haura MB 300, sai ki jira datar dare.

Amma akwai wurin da mutane ke tuntuɓe. Writer kan ajiye fayil a tsarin odt, masu ba da aiki kuwa docx, tsarin Word, suka sani. Ki shiga Tools, sai Options, sai Load/Save, ki mayar da docx ya zama shi ne tsarin ajiyarki na kullum. A wannan shafin dai za ki ga inda take adana aiki da kanta duk bayan wasu mintuna. Ki rage shi zuwa minti 3, saboda ranar da za a ɗauke wuta batiri kuma ya gaza. In aikin yana da jadawali da hotuna da yawa, tsarinsa kan ɗan goce idan aka buɗe shi a Word, don haka ki haɗa da kwafin PDF.

Google Docs kuma ki riƙe shi don ranar da edita zai bi aikinki yana gyara. Da adireshin Gmail kina da wurin ajiya na GB 15 kyauta, kina ganin kowane gyara, kina iya komawa tsohon kwafi, kuma yana buɗewa a waya. Yana aiki ba intanet, amma sai kin saita hakan tun kina da data. Microsoft ma suna da Word na kyauta a burauza tare da GB 5 na OneDrive, ma'ajiyarsu ta intanet, sai dai da data ta yanke ya tsaya. Manhajar WPS Office kuma ta dace da karanta fayil a waya, tallanta ne ke da yawa.

Tunda kin ambaci fassara, ga abin da ya fi damuna: haruffa masu ƙugiya, ɓ, ɗ da ƙ. Da yawa har yau suna amfani da tsofaffin salon haruffa, wato font, irin su Rabi'at. Sun yi wa Hausa hidima a zamaninsu, amma idan wanda kika tura wa ba shi da font ɗin, wasu alamomi zai gani a madadin haruffan, ya ɗauka sakacinki ne. Ki ƙara allon rubutun Hausa a saitin harshe na Windows, a waya kuma Gboard, allon rubutun Google, yana da shi. Sannan ki zaɓi font irin Noto Sans ko Charis SIL, dukansu kyauta ne. Kafin ki miƙa aikin farko, ki tura wa kanki fayil ɗin ki buɗe shi a waya, ki tabbatar ƙugiyoyin suna nan.