Wa ke aiko da rediyo daga can ƙuryar sama?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a nan Damagaram, ina ajin ƙarshe na lise. Na ji a wani shirin kimiyya cewa masana na kama rediyo daga wasu gungun taurari masu nisan gaske, kuma akwai wani abu wai shi kwasar da ya fi komai haske, alhali baƙin rami ne a tsakiyarsa. Abu biyu suka ɗaure mini kai. Wa ke aiko da rediyon? Kuma yaya ramin da aka ce ko haske ba ya kuɓuce masa zai zama shi ne mai haske?

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Ta farkon mai sauƙi ce: babu kowa a can zaune gaban makirfo. Igiyar rediyo da hasken da ido ke gani dangi ɗaya ne, gudunsu ma ɗaya, kilomita 300,000 a daƙiƙa. Tsawon zango kawai ya raba su. Taurari da iskar da ke tsakaninsu suna fitar da ita da kansu, yadda rana ke fitar da haske ba da umarnin wani injiniya ba.

Ba neman abin aka fita ba ma. A farkon shekarun 1930 wani injiniyan kamfanin tarho a Amurka, Karl Jansky, yana bin diddigin shuuu ɗin da ke ɓata layin gajeren zango, wajen mita 15. Ya ware na tsawa da walƙiya, sai wani ya rage wanda ke dawowa duk bayan awa 23 da minti 56. Wannan lissafin na taurari ne, na rana awa 24 ne cif. Da haka ya gane daga tsakiyar gungunmu ƙarar ke zuwa, wato farin zanen nan da ke ratsa sama idan ka fita bayan gari a daren da babu wata.

Da na'urori suka inganta, sai aka ga wasu wurare a sama suna ruri da rediyo, amma in an duba da madubin hangen nesa kusan babu komai. Ɗaya daga cikinsu, Cygnus A, a 1951 aka gano gungun taurari ne mai nisan shekarun haske sama da miliyan 700 (shekarar haske ita ce nisan da haske ke ci a shekara guda). Abin mamaki, yawancin rediyon ba daga jikin gungun yake fitowa ba. Daga wasu manyan kumbura biyu yake fitowa, ɗaya dama ɗaya hagu, can nesa da taurarin, kowanne da siririn feshi da ya haɗa shi da tsakiya. Cikin feshin akwai ƙwayoyin lantarki masu gudun da ya kusa na haske, suna murɗawa a cikin ƙarfin maganaɗisu, murɗawar nan ita ke haifar da rediyon. Irin waɗannan ake kira gungu masu rediyo. Wasunsu sun wuce misali: wanda aka sanar a 2024 aka sa masa suna Porphyrion, daga bakin wannan feshi zuwa bakin wancan shekarun haske miliyan 23 ne.

Labarin kwasar ya fi wannan daɗi. Akwai wani tushen rediyo mai lamba 3C 273 da aka kasa tantance takamaiman wurinsa, don na'urorin lokacin ba su da kaifin gani. A 1962 Cyril Hazard da abokan aikinsa suka yi dabara da babban farantin Parkes na Ostareliya mai faɗin mita 64. Suka jira wata ya gitta ta gaban abin, suka rubuta daƙiƙar da rediyon ya ɗauke da daƙiƙar da ya dawo. Tunda an san inda gefen wata yake a kowane lokaci, wurin ya fito fili. Da aka duba, ɗan ɗigon haske ne kamar kowane tauraro. A ƙarshen 1962 Maarten Schmidt ya tsaga hasken ɗigon zuwa launuka a dutsen Palomar na Amurka, ya ga layukan da ba su yi kama da na komai ba. Daga baya ya lura layukan haidurojin ne da kowa ya sani, sai dai sun gusa wajen ja da kashi 16 cikin 100. Sararin samaniya yana buɗewa, abin da ya fi nisa haskensa ya fi gusawa wajen ja, don haka gushin nan ma'aunin nisa ne. Lissafi ya ba da shekarun haske wajen biliyan 2.4. Abin da za a gani daga can da ƙaramin madubi, ai ya fi gungunmu kakaf haske nesa ba kusa ba. Irin wannan ɗigon ake kira kwasar. Ga shi kuma haskensa na hawa da sauka cikin watanni, alamar cewa wurin da ke fitar da shi ɗan ƙarami ne, domin abu mai faɗin shekarun haske dubu ba ya iya canzawa gaba ɗaya a wata guda.

Nan muka iso tambayarka ta biyu, kuma ba ka yi kuskure ba: ramin kansa baƙi ne ƙirin. Hasken na abin da bai riga ya faɗa ba ne. Iskar gas da ramin ke ja ba ta zubawa kai tsaye, kewayawa take yi, ta zama faifai. Na ciki ya fi na waje gudu, suna gugar juna, zafi ya kai dubban darajoji har ya wuce, faifan ya yi ta ƙuna. Dubi lissafin: rana na mayar da ƙasa da kashi 1 cikin 100 na nauyin makamashinta zuwa haske, shi kuwa faifan yana iya mayar da wajen kashi 10. Shi ya sa wuri ƙanƙane ke dushe taurari biliyoyi. Wani kaso na gas ɗin kuma ba ya faɗawa sam, maganaɗisu ke tattara shi ya harba ta sama da ƙasan faifan. Feshin Cygnus A ke nan.

Ka ga ashe inji ɗaya ne. Yawancin masana na ganin babban abin da ya raba kwasar mai rediyo da gungu mai rediyo shi ne ta inda muke kallo. Ka tuna ɗan kabu-kabu da dare cikin ƙurar hunturu. In ya nufo ka, fitilar ta cika maka ido, ba ka ganin babur balle mai tuƙi. In ta gefe ya wuce, ba ka ganin ƙwan fitilar, sai sandar haskenta cikin ƙura. Ban ce wannan ya warware komai ba, don yawancin kwasar ba su da rediyo mai ƙarfi, kuma har yau ana muhawara a kan dalili.

Ɗaya daga cikin gungu masu rediyo mafi kusa da za a iya nazarinsu da kyau shi ne M87, mai nisan shekarun haske miliyan 55, da rami mai nauyin rana biliyan 6.5. Shi ne aka fitar da hoton inuwarsa a Afrilun 2019. A daren bazara, lokacin da zafi ke kora mu kwana a tsakar gida, yana bi kusan ta tsakar kanmu a Damagaram, sai dai ido kaɗai ba ya kama shi. Namu gungun ma yana da rami mai nauyin rana miliyan 4, amma a yanzu ba ya samun abin haɗiya sosai, shi ya sa yake shiru.

Amfanin kwasar ga mai bincike shi ne tsufan haskensu. Yawancinsu sun yi tashe ne kimanin shekara biliyan 10 da suka wuce. A 2021 an sanar da wani da haskensa ya taso lokacin da sararin ke da shekara miliyan 670 kacal, daga cikin biliyan 13.8 na yanzu, amma raminsa ya riga ya kai nauyin rana biliyan 1.6. Yaya ya yi wannan ƙiba da wuri haka? Ba a gama amsawa ba, kuma a ganina ita ce tambayar da ta fi zafi a fannin.

Aikin kuma ya matso nahiyarmu. Farantai 64 na MeerKAT suna aiki a Afirka ta Kudu tun 2018, ana kan gina wata babbar na'urar kama rediyo mai suna SKA da za ta haɗiye su. A Kuntunse ta ƙasar Gana, tsohon farantin sadarwa mai mita 32 aka gyara ya koma na binciken sama a 2017. In fannin ya shiga ranka, ka riƙe lissafi da fizik da kyau, ka koyi rubuta manhajar kwamfuta, don yawancin aikin yanzu tace bayanai ne a gaban allo.