Kantin magani na son haɗiye shagona a Gwarimpa: dole ne in tashi cikin wata ɗaya?

Tambaya: Barista, salamu alaikum. Ina da shagon ɗinki da sayar da atamfa a wata filaza da ke Gwarimpa, shekarata bakwai a ciki, kuma ina biyan haya shekara-shekara ranar 1 ga Maris. Da na shiga mun yi yarjejeniya a rubuce ta shekara biyu, ba mu sake rubuta wata ba. Bara wani kamfanin magani mai rassa da yawa ya kama shagon da ke jikin nawa, daga baya ya haɗa da na gaba ya fasa bangon tsakani, ya kafa janareto dab da ƙofata, masu gadinsa kuma suna hana masu zuwa wurina ajiye mota. A tsakiyar Nuwamba ejan mai filazar ya kawo mini takarda cewa in tashi cikin wata ɗaya domin kamfanin zai faɗaɗa. Da kuɗina na sa tayil da ƙofar gilashi. Mene ne matsayina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Zan fara da abin da ba zai yi miki daɗi ba, domin kada ki gina shirinki a kan tubalin toka. Doka ba ta mallaka wa ɗan haya shago saboda ya daɗe a ciki, kuma mai filaza yana da ikon karɓar kayansa ya bai wa wanda ya fi ki biya, ba tare da ya gamsar da kowa da dalilinsa ba. Abin da doka ta ba ki shi ne lokaci da kuma tsari, kuma bisa bayaninki, takardar da aka kawo miki ta saɓa wa duka biyun.

A Abuja, dokar da ake bi wajen karɓar gida ko shago daga hannun ɗan haya ita ce wadda lauyoyi ke kira Recovery of Premises Act. Ta ce idan babu wata yarjejeniya a kan tsawon notis, mai biyan mako-mako a ba shi mako guda, mai biyan wata-wata a ba shi wata guda, mai biyan wata uku-uku a ba shi wata uku, mai biyan shekara-shekara kuwa a ba shi rabin shekara. Ana gane irin hayar mutum ne daga yadda yake biya, kuma tunda wa'adin shekara biyun ya ƙare kika ci gaba da biya duk shekara ana karɓa, kin zama 'yar hayar shekara-shekara. Akwai kuma sharaɗin da masu gidaje suka fi tuntuɓe a kansa: notis ɗin wata shida dole ne ya ƙare daidai da ƙarshen shekarar haya. Shekararki tana cika ranar ƙarshe ta Fabrairu, saboda haka wanda yake son ki fita a Fabrairun nan mai zuwa, tilas takardarsa ta iso hannunki kafin Agusta ya fita. Takardar Nuwamba ta makara, ko da wata shida aka rubuta a cikinta, balle wata ɗaya.

Sai dai ki ɗauko tsohuwar yarjejeniyar nan ki kai wa lauya ya karanta ta layi-layi. Idan a cikinta kun amince cewa notis ɗin wata ɗaya ya wadatar, mai filaza zai iya cewa sharaɗin ya biyo ku har yanzu, kuma kotu tana girmama abin da mutane suka sa wa hannu.

Ko da notis ya cika ƙa'ida, ƙarewarsa ba ta ba kowa damar taɓa ƙofarki ba. Sai an sake ba ki wata takarda ta kwana bakwai da ke sanar da ke cewa za a je kotu, sannan a shigar da ƙara, alƙali ya saurari ɓangarorin biyu, kuma ma'aikatan kotu ne kaɗai za su fitar da kaya bayan hukunci. Sauya kwaɗo, yanke wuta, cire rufi ko turo ƙarti duk ɗaukar doka a hannu ne, kuma tun 1986, a shari'ar Gwamnan Soja na Legas da Ojukwu, Kotun Ƙoli ta yi tir da irin wannan ko da gwamnati ce ta aikata. Duk wanda ya yi miki haka, kina iya neman diyya a kansa. Amma ina gargaɗinki da kada ki jingina gaba ɗaya a kan kuskuren takarda, domin a hukuncin Pillars da Desbordes na 2021, an ji daga Kotun Ƙoli cewa shigar da ƙara kanta na iya gyara tangarɗar notis, kuma tun daga lokacin lauyoyin masu gidaje suke kafa hujja da wannan. Zamanin da ɗan haya zai shekara goma yana jan shari'a a kan kwanan wata yana ƙarewa.

Yana da kyau ki fahimci dalilin da ya sa shagonki ya zama abin nema, domin a nan ƙarfinki yake. Kantin magani ba kamar shagon atamfa ba ne da za a buɗe shi duk inda aka samu ɗaki. Hukumar kula da harkar harhaɗa magunguna ta Najeriya, PCN, wadda dokar 2022 ta sake wa fasali, ita ke duba wuri ta yi masa rajista, dole a samu ƙwararren mai harhaɗa magunguna da ke kula da shi, kuma ƙa'idojinta sun tanadi tazarar mita 200 tsakanin wani kantin magani da wani. A unguwa mai cike da jama'a kamar Gwarimpa, samun sabon wuri da zai cika wannan ba abu ne mai sauƙi ba, don haka ya fi wa kamfani sauƙi ya faɗaɗa inda yake da rajista. Kuma waɗannan kantuna ba magani kaɗai suke sayarwa ba. Idan kika leƙa za ki ga kantocin man shafawa, madarar jarirai, sabulai da lemuka sun fi na magani yawa, ga kusurwar gwajin hawan jini, ga firji na insulin da alluran rigakafi da ake ajiyewa tsakanin digiri 2 zuwa 8, wanda shi ya sa janareton ba ya hutawa. Duk wannan fili yake ci, kuma bangonki ne kawai ya rage tsakaninsu da shi.

Game da janareto da wurin ajiye mota, mai filaza yana da alhakin barinki ki amfana da abin da kika biya cikin natsuwa, kuma bai kamata ya ba ki shago da hannun dama ya ƙwace amfaninsa da hagu ba. Ki ɗauki hoto da bidiyo masu kwanan wata, musamman idan hayaƙi yana shiga yana ɓata yadi, ki rubuta masa ƙorafi ki riƙe kwafi. Hayaƙi da ƙara suna ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta Abuja, AEPB, fasa bango da sauya fasalin gini kuma suna buƙatar izinin sashen kula da gine-gine na birnin tarayya. Wurin mota ya fi rauni, sai idan yarjejeniyarki ta ambace shi. Kuɗin tayil da ƙofa kuwa, dokar hayar da na ambata tana ba da diyyar gyara ne idan mai gida ya amince a rubuce kafin a yi aikin. Idan da baki ya ce ki yi, kada ki sa rai da yawa a kotu, amma ki duba wayarki ko akwai saƙonsa.

Shawarata ita ce lauyanki ya rubuta wa mai filaza cikin makon nan cewa notis ɗin bai inganta ba, kuma kina nan a matsayin 'yar haya. Kada ki daina biyan haya don fushi, domin bashi shi ne makamin da ya fi kayar da 'yan haya. Idan Maris ya zo, ki tura kuɗin ta banki, in an mayar miki ki adana shaidar. Bayan haka ki buɗe ƙofar sulhu. Kamfanin da ya riga ya tsara aikinsa ba zai so jiran shekara guda da shari'a a kai ba, kuma sau da yawa a shirye yake ya biya don a ba shi wuri da wuri. Kina iya neman a mayar miki da ragowar kuɗin hayarki, a biya kuɗin gyaran da kika yi da na kwashe kaya, a ba ki wata uku ko huɗu ki sanar da masu ɗinki a wurinki, ko a sauya miki wani shago a filazar. Idan zama ya gagara a tsakaninku, Babbar Kotun Birnin Tarayya tana da cibiyar sasanci da aka kafa tun 2003. Duk abin da aka cimma a rubuta shi, mai filaza da kamfanin su sa hannu, kuma kada ki miƙa makulli sai kuɗin sun shiga asusunki.