Likita, kunnena ke ciwo amma an tura ni wajen likitan haƙori

Tambaya: Assalamu alaikum likita, dan Allah a taimaka min da shawara. Kunnena na dama ke damuna da ciwo musamman da safe, na sa maganin ɗigawa na kemis har kwalba ta ƙare ba wani sauƙi, da aka haska kunnen sai aka ce lafiyarsa ƙalau wai in je a yi min wata roba da zan riƙa kwana da ita a baki. In na yi hamma muƙamuƙina na yin ƙas, maigida ma ya ce ina cizon haƙora cikin barci. Anya robar nan tana magani kuwa? Daga wata 'yar'uwa, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Gaskiya wanda ya tura ki ya kyauta miki. Ɗora yatsa dab da gaban kunnenki ki buɗe baki, abin nan da kika ji yana motsi ita ce gaɓar muƙamuƙi, kuma jijiya ɗaya ce ke ɗaukar zafi daga gaɓar da wani ɓangare na kunne, shi ya sa in gaɓar ta gaji da cizon dare sai mutum ya rantse kunnensa ne. Mata sun fi fama da wannan.

Robar tana taimako, amma fa ba wadda ake saya a shago ba. Likitan haƙori zai ɗauki zanen haƙoranki da wani abu mai laushi kamar ƙulli, a ƙera miki taki daidai bakinki, mai ɗan tauri ce tana zama kan haƙoran sama ko na ƙasa ta hana su gugar juna da dare, wasu suna samun sauƙi sosai wasu kaɗan ne. Abin da ke damuna shi ne masu karɓa su ɓace ba su koma a duba ba, ko su yini da ita a baki ba da umarnin likita ba, wallahi hakan na iya canza yadda haƙora ke haɗuwa.

Kuma robar ita kaɗai ba za ta yi ba in kina shan rake kina taunar ganda da kilishi da aya da cingam. Ki huta musu na ɗan lokaci, ki koma tuwo mai laushi da kunu da fate, ki riƙa gasa wajen da tsumma mai ɗumi, in hamma ta zo ki tallafe haɓa da hannu. Damuwa ma na ƙara cizon. Ibuprofen na rage zafin na 'yan kwanaki, amma in kina da olsa ko juna biyu kar ki sha sai likita ya ce.

Asibitin koyarwa na ABU da ke Shika suna da sashen haƙori. In kuma kunnen ya fara ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya shigo, ko jinki ya ragu, ko baki ya ƙi buɗuwa, to kar ki jira roba, ki tafi asibiti a ranar.